Masallacin da Ya Fi Ƙarfin Ladaninsa

Yayana ladan ne, kuma gurgu ne. Na faɗe shi haka kai tsaye domin haka shi ma yake faɗa. Akwai ranar da na yi ƙoƙarin gyara masa, na ce a rediyo yanzu mai buƙata ta musamman ake cewa. Sai ya ce buƙatarsa ta musamman guda ce, in daina yi masa iyayi. Shan inna ne ya kama shi tun kafin a yaye shi, ni kuwa ko cikina ba a samu ba, don haka ban taɓa saninsa a tsaye ba. Na taso na same shi a kan keken guragu mai taya uku, irin wanda ake murzawa da hannu, yana gyaran rediyo da tocila a rumfar ƙofar gidanmu a Gwaram, in lokacin salla ya yi ya ture kayan gyara gefe ya nufi masallaci.

Tsohon masallacin unguwarmu ginin ƙasa ne da aka yi wa rufin kwano daga baya. Ba shi da wani kyau da za a ba da labari. Damina tana cin katangarsa, rani a yaɓe, jemagu kuma sun ɗauke shi gidan gado. Amma ƙofarsa daidai take da ƙasa, in ban da ɗan tudun tare ruwa wanda ko ɗan akuya bai ɗauke shi cikas ba. Yaya yakan murzo kekensa har bakin ƙofa, ya sauko, ya ja jiki ya shige. Makulli a aljihunsa yake kwana. Shi ke buɗewa da asuba, shi ke kaɗe tabarmi, shi ke kunna lasifika, kuma tun ina ƙarami ban san wata murya da ke tashin unguwar nan ba sai tasa.

Ni malamin makaranta ne a Birnin Kudu, can nake zaune da iyalina, sai ƙarshen mako nake leƙo gida in hali ya yi. A irin wannan zuwa ne aka tare ni da albishir. Wani Alhaji ɗan unguwarmu da ke kasuwanci a Kano ya ɗauki nauyin rushe masallacin a yi sabo, na bulo da siminti, da tayil, da fankoki, da wutar lantarki mai aiki da hasken rana. Kowa murna, amma ba wanda ya kai Yaya. Har lissafin inda za a kafa sababbin lasifikoki yake yi mini, wai a juya ɗaya ta fuskanci bayan gari saboda masu kwana a gona lokacin kaka. Aka rushe tsohon, aka koma yin salla a filin ƙofar gidan liman kafin a gama.

Zuwana na gaba na tarar da tifa tana ta juye jar ƙasa a cikin fandisho. Na tsaya ina kallo, ta juye ta tafi, ta dawo ta ƙara. Bulon da aka kewaye wurin da shi ya kai mini ƙugu, kuma ana cike cikinsa ne har baki. Nan na tuna da keken Yaya.

Wanda bai san garuruwanmu ba sai na yi masa bayani. Mu yanzu ba ma gini a ƙasa. Abin ya samo asali ne daga ruwa. An ɗaga titi, ruwan sama ya rasa hanya ya faɗa gidajen bakin titi, masu gidajen suka yi ciko suka ɗaga nasu, ruwan ya zarce gidan maƙwabci, shi ma ya ɗaga nasa ya ɗara na wancan. A haka a haka har abin ya tashi daga maganin ruwa ya koma ado. In ana yabon gini a wurinmu ba a cewa ya yi faɗi ko yana shan iska, cewa ake an ɗaga shi. Kanti, kemis, ofis, ɗakin shan magani, kowanne sai ka hau kamar za ka ɗauko kaya a kan rumbu. Masallacin unguwar da ke maƙwabtaka da mu cikonsa ya kai gwiwa. To kun ji inda aka samo ƙugu.

Na nemi shugaban kwamitin gini, wani dattijo da ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma, mutumin kirki, abokin marigayi mahaifinmu. Na durƙusa na gaishe shi, na yaba aiki, sannan na ce, "Baba, ta ina ladan zai shiga?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ta ina rana za ta fito. "Ta ƙofa mana."

"Ƙofar tana sama, Baba. Shi kuma yana ƙasa."

"Haba Malam, don wannan? Unguwa cike da samari? Ai ɗaukarsa za a riƙa yi. Lada ne ma ya zo musu har gida."

Na ce, "Baba, da asuba fa? Shi ne mai tashin masu ɗaukar. Wa zai tashe su su zo su ɗauke shi ya je ya tashe su?"

Ya shafa gemu, ya yi dariya, ya ce lallai 'yan boko akwai iya tsara magana. Daga nan ya ce za a duba. Duk wanda ya taɓa zama da kwamiti ya san inda ake ajiye abin da aka ce za a duba.

Da na koma Birnin Kudu na sami abokin aikina mai koyar da zanen gini, na kwashe labari na faɗa masa. Ya ce abin ba sabo ba ne, yana da ƙa'ida a rubuce, kuma har doka akwai a kan gine-ginen da jama'a ke shiga, sai dai dokar ba ta cika fita daga cikin takarda ba. Gangare ake yi a maimakon matakala, ko a haɗa su biyun. Duk taku ɗaya na tsayi, gangaren ya miƙe taku goma sha biyu a kwance, don mai murza keke ya hau da ƙarfin hannunsa ba tare da keken ya koma da shi baya ba. Faɗinsa ya ɗauki keke har da rara. A bar simintin da kaushi, a sa ƙarfen riƙewa a gefe, a yi wuri shimfiɗaɗɗe a sama inda mutum zai tsaya ya juya. Ya ja ni muka je wani asibiti ya nuna mini irinsa. Muna tsaye wata tsohuwa ta hau da sandarta, mai ciki ta hau, wani ya turo mahaifinsa a kujera mai taya. Matakala tana gefe, da ƙyar ka ga mai bi ta kanta.

Ranar Asabar na dawo Gwaram da igiya. Na auna tsayin cikon, na ninka yadda aka ce, na ja igiya daga bakin baranda na miƙe. Sai ga ni a tsakiyar titi, wani ɗan acaɓa yana yi mini hon yana tambaya ko lafiya. Na dawo na kwantar da igiyar a jikin bango, ta gefen kudu, sai ta zauna daram, har da saura. Wato in gangaren ya bi jikin bango ya hau a hankali, ba a taɓa titi ba, ba a taɓa wurin alwala ba. Na kira shugaban kwamiti na nuna masa ina ta zumuɗi.

Ya bi igiyar da kallo daga farko har ƙarshe. "Duk wannan?"

"Duk wannan, Baba."

"Don mutum ɗaya?"

Na ce ba mutum ɗaya ba ne. Na lissafa masa tsofaffin unguwa masu ciwon gwiwa, da makahon da ke zuwa daga bayan kasuwa, da shi kansa liman da sai ya dafa bango yake miƙewa daga tahiya. Ya ce waɗannan ai lallaɓawa za su yi. Abin da ya fi damunsa shi ne fuskar masallaci. An riga an aika wa Alhaji hoton yadda ginin zai kasance, da matakala mai faɗi a gaba da ginshiƙai biyu, yanzu a zo a manna masa wani dogon abu a gefe kamar wurin loda shanu a mota? Na ce to a kira Alhajin. Aka kira shi a gabana. Bawan Allah bai ja zance ba ko kaɗan, ya ce subhanallahi, a yi wa ladan hanya, duk abin da ake buƙata a yi. Shugaba ya kashe waya ya ce, "Ka ji ko? An gama." Na bar masa igiyar da zanen da abokina ya yi, na hau mota raina fes.

Jarrabawa ta riƙe ni a makaranta, na yi makonni ban zo ba. Da na zo, tun daga nesa na hango masallaci ya tashi, fari tas, abin sha'awa. Na duba gefen kudu, ba komai sai fenti. Na zagayo gaba. A tsakiyar matakalar nan, daga ƙasa har sama, an zuba wani siririn siminti mai faɗin tafin hannu, a tsaye kamar tsani. An goge shi sumul har yana ƙyalli.

Na san shi, kowa ma ya san shi. Babu gidan mai babur a Gwaram ko Birnin Kudu da ba shi da irinsa. Shi ne ɗan zirin da ake yi a tsakiyar matakala don in magariba ta yi maigida ya tura babur ɗinsa cikin zaure, taya a kan zirin, shi kuma yana taka matakala a gefe. Abin da birkilolinmu suka sani ke nan in an ce a yi wa abin hawa hanya, kuma sun ƙware a kai.

Birkilan yana nan yana haɗa kayansa, wani ƙaƙƙarfan mutum daga wajen Basirka. Da aka ce masa ni ne ƙanen ladan sai ya taso da fara'a, yana jiran yabo.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

"Hanyar keken ce. Ka ga yadda ta fita? Wallahi sai da na sa ma'auni."

"Keken taya nawa gare shi?"

"Uku mana."

"To wannan ta ɗauki nawa?"

Ya dubi zirin, ya dube ni. "Ta gaba ta hau nan. Na bayan sai a ɗan tallafa."

"Wa zai tallafa?"

"Mai turawa."

Na tambaye shi zanen da na bari. Ya ce ya gani, an nuna masa, amma shi ya ɗauka wanda ya zana bai taɓa riƙe cokalin gini ba, don ba wanda ke ɓarnar siminti haka a kan hanyar keke. Ya yi irin wannan ba adadi, daga nan har Maruta, ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi. Gaskiya ya faɗa. Babur ba ya ƙorafi, kuma mai babur yana da ƙafafu biyu da yake takawa a gefe. Na rasa wanda zan kama da faɗa. Mutumin nan bai yi ha'inci ba, iyakar abin da ya iya ya yi, har da ƙarin guga. Takaici ya ishe ni har na ji dariya tana neman kuɓuce mini.

Kada a ce zirin bai yi amfani ba. Kafin a yi sati da buɗe masallaci, masu babura sun gano shi. Sai ka zo azahar ka tarar da babura a jere a baranda suna shan inuwa, ladan yana ƙasa a rana.

Na koma wa kwamiti, wannan karon ban tsaya dogon gaisuwa ba. Aka yi zama, aka ce ina da gaskiya, aka ce a faɗaɗa. Na ce ba faɗi kaɗai ba ne, tsayuwar ce babbar matsala, sai an bi jikin bango. Aka ce to, to, an ji. Abin da aka yi shi ne aka dawo da birkilan ya cike rabin matakalar da siminti. Zirin ya zama faffaɗa, tsayuwarsa tana nan yadda take. Da tayil ya ragu, sai wani mai son alheri ya ce kada a bar wurin ladan ba ado, aka lulluɓe shi da tayil mai santsi irin na cikin masallaci.

Ranar gwaji mutane suka taru kamar za a yi wasa. Ni na ce kada ya hau. Yaya ya ce mutane sun yi ɗawainiya, rashin kunya ne a ƙi ko gwadawa. Ya gyara hularsa, ya ja da baya ya ɗauko gudu, ya murza da dukkan ƙarfinsa. Tayar gaba ta hau, na baya suka biyo, ya ɗan yi sama kaɗan. Sai kan keken ya ɗaga. Na ga tayar gaba a iska tana juyawa, na ga bayan kansa ya nufi ƙasa. Allah ya sa ina tsaye a bayansa, ni da wani maƙwabci muka tare. Aka ɗauki salati. Kafin numfashina ya dawo na ji wani daga cikin 'yan kallo yana cewa ai gudun ne bai ɗauko da kyau ba.

Yaya ya gyara zama a kan kekensa. Ya karɓi hularsa da ta faɗi, ya kaɗe, ya mayar. A gida matarsa ta gasa masa kafaɗa da ruwan zafi, don dama shekaru sun fara cin kafaɗun, su ne ƙafafunsa tun yana yaro. Wani zai ce me ya hana shi barin keken a ƙasa ya hau matakalar da hannu. Da yana saurayi da ya yi. Yanzu kuwa kowace matakala ta yi masa tsayi, tayil ne, kuma a jiƙe take kullum da ruwan ƙafafun masu alwala. Gangaren kuma tuni ya zama wurin ajiye takalma.

Daga nan aka kawo shawarar da kowa ya yaba, har ana cewa wanda ya kawo ta Allah ya yi masa basira. Aka sayo doguwar waya, aka jona makirfo, aka zuro shi ta taga ya sauko har ƙasa, aka buga masa ƙusa a bango daidai tsayin keke. Makulli kuwa aka karɓa aka ba wani mai shago da ke kusa, tunda mai buɗe ƙofa sai wanda zai iya kaiwa gare ta. Ba wanda ya yi nufin cin fuska. Aka ce ma an hutar da shi shara.

Haka aka koma. Yaya zai murzo kekensa gindin taga, ya zare makirfo daga ƙusa, ya kira mutane zuwa salla. Su zo su wuce ta gefensa, su yi masa sannu, su hau. In an kusa tayarwa sai mutum biyu su sauko su ɗauke shi, ɗaya ta hammata, ɗaya ta ƙafafu. Na ga wannan ɗauka da idona, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Riga ta tattare, ƙafafun da ya yi shekaru yana rufewa da babbar riga su fito fili, hula ta karkace, masu ɗauka suna nishi suna tsokanarsa wai ya rage cin tuwo. Shi ma yakan yi dariya ya rama. Amma na san yayana. Mutumin da ko a biki bai yarda a tura masa keke ba, ga shi sau biyar a rana a hannun mutane kamar buhun gero.

Da farko rububin ɗaukar ake, kowa na son lada. Da aka kwana biyu sai ladan ya fara nauyi. A tayar da salla, sai wani ya tuna, a yi ta waige ana neman wanda bai riga ya kabbara ba. Da asuba kuwa sau da yawa a nan gindin taga yake bin jam'i shi kaɗai, a kan ɗan buhun da yake shimfiɗawa. Ban ji wannan daga bakinsa ba, matarsa ce ta gaya wa matata.

Abin da ya karya shi ya faru ne ranar kasuwa. An ɗauke shi an shigar da shi azahar. Ana sallamewa kowa ya zabura, mai rumfa ya koma rumfa, mai awo ya koma awo. Shi kuma al'adarsa ce ya daɗe yana lazimi. Da ya shafa addu'a ya waiga, ba kowa. Waɗanda suka hau da shi kowanne ya ɗauka ɗayan zai nemi wani su sauko da shi. Ya ja jiki ya fito baranda, ga kekensa can ƙasa yana kallonsa. Masu wucewa a layin a irin wannan lokaci mata ne da 'yan talla, ba wanda zai ce wa ya zo ya ɗauke shi. Ya jira har fitsari ya matse shi, ya ƙara jira. Da abin ya fi ƙarfinsa, kuma ba zai yarda ya ɓata masallaci ba, sai ya ture takalman da aka bari a kan gangaren ya fara sauka da baya, yana tokarewa da hannu. Hannun ya zame a kan tayil. Ya sulale gaba ɗaya ya faɗa cikin caɓalin da ruwan alwala ya tara a ƙasa, goshinsa ya daki gefen matakala. Abin da yake gudu kuma ya faru a nan, a bakin titi, ranar kasuwa.

Wata tsohuwa ce ta yafa masa mayafinta har ya hau keke. Ranar ba a ji kiran la'asar a unguwarmu ba. Bayan magariba mutane suka yi ta sallama a ƙofar gida, kuma kusan kowa da tambayar da yake farawa da ita: lafiya ba a ji kira ba?

Da labari ya same ni a Birnin Kudu ban jira ƙarshen mako ba. Na sami shugaban kwamiti da liman a zaune, na faɗi maganganun da ban saba faɗa wa manya ba. Na ce an gina wa Allah ɗaki an bar mai kiran mutane cikinsa a waje. Na ce igiyata tana nan, bangon kudu yana nan, Alhaji ya riga ya ba da izini, me ake jira? Shugaba ya ce wallahi abin ya dame shi, bai yi barci ba. Sai dai yanzu an riga an yi fenti, an dasa furanni a gefen kudun, kuma ga maganar hasumiya da aka sa a gaba, amma in an gama za a duba. Liman kuma, cikin taushin murya, ya ce in kwantar da hankalina, shari'a ta yi wa mai lalura rangwame, ko a gida ya yi sallarsa ladansa cikakke ne. Na san haka ne, ban musa ba. Amma rangwamen nan shi aka yi wa, in ya ga dama ya ɗauka. Ban taɓa jin inda aka ce kwamitin gini ne zai ɗaukar masa ba.

Na dawo gida ina huci, na ce wa Yaya zan kira Alhaji da kaina, zan je ƙaramar hukuma, zan kai maganar gidan rediyo. Yana zaune a rumfarsa da filasta a goshi, ya buɗe cikin wata rediyo yana bin waya da tsinke. Bai ɗago ba.

"Ka gama?"

"Yaya, hakkinka ne fa."

"Na sani. Amma ka je rediyo ka ce me? Ka ba duk jihar nan labarin abin da ya same ni a bakin titi? Waɗanda suka gani ba su isa ba?"

Ya ci gaba da bin wayar da tsinke.

"Ko yau suka yi gangaren, sai an riƙa nunawa ana cewa ga abin da ƙanensa ya tayar da rigima aka yi. Ni na gaji da a ɗauke ni, na gaji kuma da a yi magana a kaina. Miƙo mini wancan batirin."

Na miƙa masa. Ban kira Alhaji ba, ban je ko'ina ba, kuma har yau ban tabbata na yi daidai da na bi maganarsa ba. An gama hasumiya. Furannin gefen kudu awaki sun cinye su. An naɗa sabon ladan, wani magidanci mai kyakkyawar murya, ba ni da abin faɗa a kansa.

Bayan wata da watanni na sauko daga motar Birnin Kudu a tashar Gwaram, la'asar tana kawo kai. A gefen tashar akwai inda direbobi da 'yan acaɓa suke salla, fili ne kawai da aka zagaye da duwatsu aka zuba yashi, sai butoci a gindin bishiya. Nan na hango keken Yaya. Ya sauka, yana zaune a bakin yashin, ya duba inuwa, ya sa hannu a kunne ya fara kira. Bai kai ga shahada ba sai lasifikokin masallacinmu suka tashi daga kan hasumiya, suka rufe tashar baki ɗaya. Ina ganin bakinsa yana motsi, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, amma ba na jin komai. Bai tsaya ba har ya kai ƙarshe.

Wani direba da ke alwala kusa da ni ya ce kullum haka ake yi. Sun ce masa ya riƙa bari waɗancan su gama, ya ce in lokaci ya shiga ba ya jiran kowa.

Na yi alwala na bi su. Da aka idar na matsa kusa da shi muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi makaranta. Ina ta neman abin da zan ce wanda ba zai zama faɗa ba, sai shi ya riga ni.

"Ka ji lasifikar da ke fuskantar gabas? Tana shaƙewa. Ba lalacewa ta yi ba, wayarta ce ta saki daga bayan akwatin da ke kusa da mumbari. Tun jiya nake jin ta. In aka bar ta haka za ta ƙone."

Na ce to.

"Kuma ka ce wa ladan ya daina manna bakinsa a makirfo, ya ɗan ja baya. Muryarsa mai kyau ce, yana ɓata ta."

"Yaya, ni zan gaya masa?"

Ya kama ƙarfen kekensa, ya ɗaga jikinsa ya zauna, ya gyara rigarsa ta rufe ƙafafun.

"To wa zai gaya masa? Kai ne mai iya hawa."